Shampen: Yadda Faransa Ta Mai Da Sunan Yanki Dukiya, Da Aikin Da Ke Jiran Abuja

A manyan otal-otal da kantunan zamani na unguwannin Maitama da Asokoro da Wuse II a Abuja, shampen na cikin abubuwan sha mafiya tsada, domin kuɗin kwalba guda daga cikin fitattun sunayenta yakan zarce Naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin wata da gwamnatin tarayya ta amince da shi a shekarar 2024. Shampen giya ce mai kumfa da ake yi da ruwan inabi a wani yanki guda na arewa maso gabashin Faransa, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Champagne, kuma tun farkon shekarun 2010 kamfanin binciken kasuwa na Euromonitor ya lissafa Najeriya cikin ƙasashen da cinikinta ya fi saurin ƙaruwa a duniya.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, shi ya sa jihohin Arewa da suka ƙaddamar da shari'a daga shekarar 2000 suka sa wa cinikinta takunkumi, hukumar Hisba ta Kano takan farfasa kwalabenta a bainar jama'a, kuma abin da ake buɗewa a bukukuwan Musulmi a Abuja ruwan inabi ne mai gas wanda babu barasa a cikinsa. Duk da haka, tarihin wannan sana'a ya cancanci nazari daga wanda ba ya kusantar giya, domin mafi yawan abin da mai saye ke biya kuɗin suna ne, sunan da manoma da 'yan kasuwa da hukuma suka shafe fiye da shekara ɗari suna shata masa iyaka, suna rubuta masa ƙa'ida, suna kai ƙarar duk wanda ya taɓa shi. Ƙasar Hausa tana da kayayyakin da sunansu ya zaga duniya, amma ba ta taɓa yi musu irin wannan shinge ba.

Ƙasar alli da sanyi

Yankin Shampen yana kimanin kilomita 150 gabas da birnin Faris, manyan garuruwansa su ne Reims da Épernay da Troyes, kuma gonakin inabin da doka ta yarda su ɗauki sunan sun kai hekta 34,000 a ƙauyuka 319, waɗanda 17 daga cikinsu ke da babbar daraja da ake kira grand cru. An raba gonakin zuwa sassa, mafiya shahara su ne tudun Reims, da kwarin kogin Marne, da gangaren Côte des Blancs, da kuma Côte des Bar a can kudu cikin lardin Aube. Wuri ne mai sanyi, matsakaicin zafinsa a shekara bai wuce digiri 11 ba, saboda haka yana bakin iyakar inda inabi ke iya nuna a Turai, kuma 'ya'yan da ake girbewa sukan zo da tsami da ƙarancin zaƙi, abin da a wani wuri aibi ne, amma shi ne ya dace da giya mai kumfa.

Ƙarƙashin mafi yawan gonakin akwai shimfiɗar farin dutsen alli mai kauri, wanda ke tsotse ruwan sama ya riƙe shi, sannan ya riƙa sakar wa saiwa a hankali lokacin fari. Wannan allin ya yi wa sana'ar amfani na biyu, domin ramukan da aka haƙa tun zamanin Rumawa don fasa dutsen gini a Reims su ne suka koma rumbunan ajiya masu sanyi da duhu duk shekara, kuma ƙarƙashin titi guda na Épernay akwai irin waɗannan hanyoyi da tsawonsu ya haura kilomita 100. A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta sanya tuddan yankin da gidajen sana'ar da rumbunansu cikin jerin kayan tarihi na duniya. Iri uku na inabi ne suka mamaye gonakin: pinot noir da meunier, waɗanda baƙaƙe ne, sai chardonnay wanda fari ne.

Ƙa'idar aiki daga gona zuwa kwalba

Kusan babu matakin aikin da doka ta bar wa mai shi ya yi yadda ya ga dama. Dole ne a tsinke inabin da hannu, ba da inji ba, don kada 'ya'yan su fashe launin baƙar fatarsu ya rina ruwan, kuma wannan ne ke kawo kusan ma'aikatan wucin gadi 100,000 yankin a kowace kaka. A wurin matsa ma akwai iyaka, domin daga kilo 4,000 na inabi ba a yarda a tatsi fiye da lita 2,550 ba, ko da kuwa akwai sauran ruwa a jikinsa. Bayan ruwan ya tsimu karo na farko, shugaban rumbu yakan gauraya na gonaki daban-daban da na shekarun baya da aka adana, don ɗanɗanon gidan ya zauna iri ɗaya ko da damina ta canza.

Kumfar da aka san shampen da ita tana samuwa ne a tsimuwa ta biyu, wadda ake yi a cikin kwalbar da za a sayar. Ana zuba ɗan sukari da yisti a toshe bakin, yistin ya cinye sukarin ya fitar da iskar kabon, iskar ta rasa mafita ta narke cikin ruwan, har ƙarfinta ya ninka na iskar tayar mota sau biyu zuwa uku. Daga nan kwalbar za ta kwanta a rumbu aƙalla wata 15, idan kuwa ta girbin shekara guda ce da za a rubuta a jikinta, to aƙalla shekara uku. Mataccen yistin yakan kwanta kamar laka, sai a jera kwalaben a jikin allunan katako masu huji, bakinsu a ƙasa, ma'aikaci yana bi yana murza kowace kaɗan yana ƙara karkata ta, har lakar ta taru a wuya, ko da yake a yau injuna ne ke yin mafi yawan wannan aiki. Sai a daskarar da wuyan, a buɗe, ƙarfin iskar ya cillo lakar waje, a cike gurbin da ɗan ruwa mai sukari, a toshe da ɓawon itace a ɗaure da waya. Yawan wannan sukari ne ke raba nau'o'in, inda brut ke nufin ƙasa da giram 12 a lita, demi-sec kuwa tsakanin 32 da 50.

Tarihin da talla ta yi wa ado

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa wani ɗan zuhudun Kirista mai suna Dom Pérignon, wanda ya riƙe rumbun gidan ibada na Hautvillers daga 1668 har rasuwarsa a 1715, shi ya ƙago shampen, amma masana tarihi sun nuna cewa gudummawarsa ta tsaya ne ga kyautata noman inabi da dabarar gauraya, kuma a zamaninsa kumfa aibi ce da ke fasa kwalabe. Tun 1662 wani likitan Ingila, Christopher Merret, ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Landan yadda ake ƙara sukari don giya ta yi kumfa, kuma Ingilawa ne suka fara ƙera kwalba mai ƙarfin jure ta, saboda da gawayin kwal suke narka gilashi.

Kasuwar ta buɗe ne bayan 1728, lokacin da Sarki Louis na 15 ya halatta safarar giyar yankin a cikin kwalabe, sai gidan Ruinart ya kafu a 1729, na Moët a 1743, na Clicquot a 1772. Mata biyu da mazajensu suka rasu suka bar musu harkar sun taka rawar da ba a mantawa: Barbe-Nicole Clicquot, wadda ta karɓi ragama a 1805 tana da shekara 27, a gidanta aka fito da dabarar murza kwalba wajen 1816, sai Louise Pommery, wadda girbinta na 1874 ya yi wa nau'in marar zaƙi suna a kasuwar Ingila. Tsakaninsu, a 1836, wani mai haɗa magani a garin Châlons, Jean-Baptiste François, ya samo hanyar auna sukarin da ya kamata a zuba, abin da ya rage asarar fashewar kwalabe ƙwarai. Kasancewar a babbar majami'ar Reims aka riƙa naɗa sarakunan Faransa ya ba 'yan kasuwar damar jingina hajarsu da sarauta da biki, kuma wannan jinginar ce har yau ke sayar da ita a Legas da Abuja.

Tawayen 1911 da shata iyaka

Shingen da ke kare sunan daga rikici ya fito. Wajen 1890 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka, ya isa yankin ya lalata gonaki, har sai da aka sake dashe ta hanyar aurar da itacen Faransa a kan saiwar ta Amurka, kamar yadda masu lambu ke yin mangwaro ɗan aure. Ana cikin wannan hali, wasu gidajen kasuwanci suka riƙa shigo da giya mai arha daga wasu sassan ƙasar suna ɗurawa da sunan shampen, farashin inabin gida ya faɗi, sannan girbin 1910 ya lalace kusan gaba ɗaya. A watan Afrilun 1911 manoman lardin Marne suka yi bore, suka ƙona gidajen 'yan kasuwa a garin Aÿ, suka tuntsurar da ganguna a kan titi, har gwamnati ta turo dubban sojoji, yayin da manoman Aube su ma suke nasu boren saboda iyakar da aka shata a 1908 ta bar su a waje.

Sulhun ya ɗauki shekaru. Dokar 1927 ce ta tsayar da iyakar yankin ta kuma shigar da Aube, a 1936 aka ba shi matsayin sunan asali mai kariya, wato shaidar hukuma cewa kaya daga wuri kaza ya fito kuma bisa ƙa'ida kaza aka yi shi, sannan a 1941 aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na sana'ar a Épernay, wanda shugabanni biyu ke jagoranta, ɗaya daga manoma, ɗaya daga gidajen kasuwanci. Hikimar wannan tsari tana cikin yadda dukiyar ta rabu: manoma kimanin 16,000 ne ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na gonakin, amma gidajen kasuwanci 'yan ɗaruruwa ne ke sayar da mafi yawan kwalaben, musamman a ƙetare, don haka babu ɓangaren da zai iya tafiya ba tare da ɗayan ba. Manya daga cikin gidajen, irin su Moët & Chandon da Veuve Clicquot da Krug da Ruinart, suna hannun rukunin LVMH, wasu kamar Bollinger da Louis Roederer da Pol Roger na iyalai ne, yayin da Nicolas Feuillatte mallakar ƙungiyar manoma ce. Ƙananan haruffan jikin takardar kwalba suna faɗin wanda ya yi ta: NM gidan da ke sayen inabi, RM manomin da ya sarrafa nasa, CM kuwa ƙungiyar haɗin kai.

Kowace shekara ɓangarorin biyu sukan zauna su yanke yawan inabin da za a girbe a hekta, gwargwadon abin da kasuwa za ta iya ɗauka, kuma a shekarar 2020, da annobar korona ta tsayar da bukukuwa, sun rage shi zuwa kilo 8,000 don kada kaya su yi kwantai farashi ya karye. Sakamakon wannan horo shi ne yankin na fitar da kwalba wajen miliyan 300 a shekara, cinikinsa ya haura Yuro biliyan 6 a 2022, lokacin da manomi ke sayar da kilon inabi kan Yuro 6 zuwa 7, kuma hekta guda ta gona takan wuce Yuro miliyan 1.

Tsaron suna da abin da ya gaza karewa

A waje kuwa Faransa ba ta yin sake. Yarjejeniyar Madrid ta 1891 ta hana yi wa kaya ƙaryar asali, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta tilasta wa Jamus mutunta sunayen giyar Faransa, masu irin wannan sana'a a Sifaniya suka koma kiran tasu Cava, a 1993 kotu ta hana gidan Yves Saint Laurent sa wa turarensa wannan suna, kuma wani ƙauye a Suwizalan mai suna Champagne ya rasa ikon rubuta sunan nasa a kan giyarsa. Akwai inda shingen ya tsage, domin yarjejeniyar 2006 ta bar wa tsofaffin kamfanonin Amurka damar ci gaba da amfani da sunan a kasuwarsu, Rasha kuma ta yi doka a 2021 da ta keɓe wa giyarta sunan a rubutun Rashanci.

Sai dai tsarin da ya kare suna da gona bai kare kowa da kowa ba. A girbin 2023, wanda aka yi cikin tsananin zafi, ma'aikata biyar sun rasu, kuma an gano fiye da mutum 50, galibinsu 'yan ci-rani daga Mali da Muritaniya da Senegal da Kwaddibuwa, a cunkushe cikin wani gida marar tsabta, ana kai su gona ba tare da takardun aiki ba. A watan Yulin 2025 kotun Châlons-en-Champagne ta ɗaure mutum uku bisa laifin safarar mutane. Wannan shari'a ta nuna cewa ƙa'idar da ta ƙidaya litar ruwan da za a tatsa ta daɗe ba ta waiwayi ɗan ƙwadagon da ke tsinkar 'ya'yan ba, kuma duk mai son koyi da wannan tsari wajibi ne ya gyara wannan giɓi tun daga tushe.

Sunayen da ke jiran Abuja

Ƙasar Hausa ta riga ta ɗanɗani asarar suna. Fatun jar akuyar Sakkwato, waɗanda majema suka jeme a Sakkwato da Kano, ayarin raƙuma suka ƙetara da su Sahara, sun isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, sai masu ɗaurin littattafai da ɗinkin jakunkuna suka san su da fatar Maroko, aiki na wani, yabo na wani. Haka cittar kudancin Kaduna da rinin Ƙofar Mata da kilishi suke fita a yau, babu wata takarda da za ta hana kowa a ko'ina ya ɗora waɗannan sunaye a kan abin da ya ga dama.

Maƙwabta sun yi gaba. Ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke kula da haƙƙin fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta yi rajistar sunayen asali na farko a 2013, wato masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru da gahawar Ziama-Macenta ta Gini, daga baya kuma Nijar ta samu rajistar albasar Galmi da kilishinta. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, kuma ta daɗe ba ta da doka ta musamman kan sunayen asali, sai dokar tambarin kasuwanci ta 1965, wadda ofishin rajista na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja ke aiki da ita, ko da yake an shirya daftarin sabuwar doka da tallafin Tarayyar Turai. Tunda ƙasar ta shiga yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, kayan da ba su da kariya a gida za su haɗu a kasuwa guda da kayan da ke da ita.

Masu kilishi na Area 1 a Garki misali ne na abin da ake magana a kai. Mahauci yakan zaɓi tsoka marar kitse, ya feɗe ta falle-falle har ta yi siriri, ya shanya a rana ta bushe, ya tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da barkono da citta da kanumfari da albasa, ya sake shanyawa, sannan ya nuna mata wuta kaɗan. Kowane mataki yana da ƙa'idar da masu sana'ar suka gada, kuma matafiya na saye su kai Legas da Landan, amma ƙa'idar a ka take, ba a takarda ba, saboda haka wanda ya yi algus da wanda ya tsare amana suna ɗaya suke sayarwa da shi.

Abin da tarihin Shampen ya tabbatar shi ne suna ba ya zama dukiya sai an haɗa abubuwa huɗu: iyakar wuri da kowa ya amince da ita, hanyar aiki a rubuce, masu sa ido da ke da ikon hukunta ɗan gida kafin baƙo, da majalisar da mai samarwa da mai sayarwa ke zama kafaɗa da kafaɗa. Ƙasar Hausa tana da harsashin na ukun da na huɗun tun da daɗewa, domin sarautun sana'a irin su Sarkin Fawa da Sarkin Noma da Sarkin Kasuwa don tsare ƙa'ida da sasanta masu sana'a aka kafa su, kuma ƙungiyoyin mahauta da majema da manoman citta suna nan da shugabanninsu. Abin da ya rage shi ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta samar da dokar da za ta ba waɗannan ƙungiyoyi ikon rajistar sunayensu, ma'aikatar ciniki ta taimaka musu wajen rubuta ƙa'idojin aikinsu, a kuma sanya haƙƙin ɗan ƙwadago cikin sharuɗɗan tun ranar farko. Manoman Marne sai da suka yi asarar gonaki suka fuskanci sojoji kafin su samu dokarsu, kuma sun jira shekara 16 bayan boren kafin iyakarsu ta tsaya. Majeman Sakkwato da mahautan Garki suna iya samun tasu ta hanyar zaman majalisa, muddin masu yin doka a Abuja sun ɗauki sunan kayan ƙasa a matsayin dukiyar da ake gada.